Rariyar da Ke Tsakanina da Lado

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, babu wanda zai yi saura. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Malam Lado Abdulmuɗallib a gidansa da ke unguwarmu ta bakin kwari, a ƙasar Yammedi, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Maijidda, da 'ya'ya biyu, Lukman da Bahijja, da jikoki. Shekarunsa saba'in da 'yan kai, kamar nawa, domin sanyi ɗaya aka yi mana kaciya, wanzami ɗaya.

Ni ne Yusha'u, wanda katangarsa ke haɗe da tasa. Ban yi boko ba. 'Yata Bushra ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata ta ajiye magana yadda ta fito daga bakina. Duk wanda ya san unguwarmu zai yi mamakin a ce ni ne mai wannan ta'aziyya, domin shekara goma sha tara ban gaisa da Lado ba. In ya yi sallama nakan amsa a ciki, tunda wajibi ne, amma ina kwana ko ina gajiya bai taɓa samu daga gare ni ba.

Lado, yau da kai zan yi magana, tunda yanzu ba za ka iya yi mini murmushin nan naka mai ƙona rai ba. Ina da tambayoyi da na tara tsawon shekarun nan, girman kai ya hana ni taka taku goma in yi maka su. Amma bari in fara gaya wa waɗanda ba su sani ba abin da ya shiga tsakaninmu, don kada su ji rabi.

Akwai wata ɗorawa a kan iyakar gonata da ta marigayi Sanusi. Da Sanusi ya rasu sai rigima ta tashi a kan mai ita. Aka kai mu gaban dagaci, aka kira ka shaida, ka miƙe ka ce tun muna yara gidan su Sanusi ke kaɗe ta, saboda haka ta marayunsa ce. Aka ba su. Har gobe ina nan a kan bakana: kakana ne ya kewaye ta da ƙaya tun tana tsiro, shi ya sa awaki ba su cinye ta ba. Amma ba ita ta kawo ni yau ba. Abin da na yi da na dawo gida a ranar, shi ya kawo ni.

Unguwarmu a gangare take. Gidan Lado na sama, nawa na ƙasa da shi, daga ni sai kwari. Tun zamanin iyayenmu akwai rariya a gindin katangar da ta raba mu. Ruwan tsakar gidansu ta nan yake bi, ya ratsa tsakar gidanmu, ya fita ta baya ya faɗa kwari. Haka kowane gida yake a layinmu, na sama ya miƙa wa na ƙasa, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan alfarma. A ranar shari'ar ɗorawa na sayo siminti, na tattaro duwatsu, na toshe rariyar nan. Na ce ruwan gidan wanda ya tozarta ni gaban dagaci ba zai sake bi ta ƙofar ɗakina ba.

Na zauna jiran ka kai ni ƙara. Har na shirya abin da zan faɗa. Ba ka kai ba. Tambayata ta farko ke nan: me ya hana ka? Da ka je, da dagaci ya ba ka gaskiya kafin ka rufe baki. Sai kawai ka fasa wata rariyar ta gefen lungu, ka haƙa wa ruwanka lambatu, ya kewaya ta bayan katangata ta waje har kwari. Kwana shida kana haƙa kai kaɗai. Na sani, domin ina leƙenka ta zaure.

Da damina ta zagayo ka fara abin da ya ɗaure mini kai shekara goma sha takwas. Da zarar ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da rana, sai ka fito da masaki cike da ƙaiƙayin gero, ko malafa babu, ka hau can saman lungu ka dinga watsa shi a kan ruwan da ke gangarowa. Ruwa na ɗaukewa sai in fito in tarar ƙaiƙayi ya yi layi a gindin katangata kamar an ja shi da zare, wani wurin kuma ya taru tsibi guda. To, jama'a, ka yi faɗa da mutum, ka toshe masa rariya, sannan ka ga yana aiko maka da barbaɗe ta cikin ruwa, me za ka ce? Na ce sammu ne. Na ɗauki tsintsiya na share tas, na ƙone, na tafi har Rogo wurin wani malami ya ba ni rubutu na yayyafa a jikin bango. Malamin ya ce in riƙa sharewa da wuri, kada in bari ya kwana. Haka na yi kowace shekara. Matata Barira ta ce, "Malam, wane irin sammu ne ake yi da rana tsaka, gaban yara da awaki?" Na ce ta yi shiru, ba ta san makircin maza ba.

Bayan ƙaiƙayi da kwana biyu ko uku kuma sai in ga an jera duwatsu an dake da birji a jikin katangata ta lungu, daidai inda tsibin ya taru. Wannan ma na yi masa fassara. Na ce alama kake kafawa, gobe ka tashi ka ce lungun naka ne. Wata shekarar in bar su don gajiya, wata shekarar in kwashe in watsar a kwari.

Bari in ajiye kaina in faɗi abin da duk unguwa ta shaida. Da zafin bazara ya fara, Lado ba ya zama. Gida-gida yake bi, nawa kaɗai yake tsallakewa. Zai tsaya gaban rumbunka ya auna da ƙafarsa, in duwatsun da rumbu ke kai ba su kai masa gwiwa ba ya ce a ƙara. Zai leƙa rijiyarka ya ce a ɗaga bakinta da layin bulo biyu, domin ranar da ruwa ya cika unguwa, na masai da na sha haɗuwa suke yi, kuma amai da gudawa sun fi faɗuwar bango kisa. Shi ke tuna wa mata su ajiye makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake jiƙawa a yi yaɓe da shi, a shafe gindin bango kafin hadarin farko. Shi ke zura kara a indararo ya fito da sheƙar tsuntsu. Irin shuka da ya rage ya ce a zuba a jarka a kai ajiya gidan dangi a kan tudu. Takardar gona da katin asibiti da na zaɓe ya ce a naɗe a leda, a sa a robar fenti mai murfi, a rataye a azara. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne itace. Dami biyu na busasshen itace yakan sa kowane gida ya kai makarantar firamare da ke kan tudu, a jibge a wani ɗaki da ba a amfani da shi. Yakan ce wanda ruwa ya kora, ga hatsi a hannunsa zai kwana da yunwa in babu abin hura wuta.

Ni na raɗa maka suna Hadarin Gabas, ya kuma bi ka. Yau na faɗa, don na san kana zargin mai shayi. Na ji labarin wata rana a bakin masallaci wani ya ce maka, "Hadarin Gabas, wai kai ba ka san tawakkali ba ne?" Ka ce, "Na san shi, maƙwabcina ne. Kai dai hau da akuyarka tudu. In ruwa ya bi ta can ya ɗauke ta, zo in taya ka cewa ƙaddara." Aka yi dariya, mai tambayar ma ya yi. Ni da aka ba ni labari ban yi ba, amma na daɗe ina juya maganar.

Har yara ka shirya. Kowane yaro a layinmu ya san in an ce a fita, makaranta za a nufa, babba ya riƙe ƙarami, ba mai komawa ɗauko takalmi ko kaza. Tsohuwa Ummi, makauniyar da ke ƙarshen layi, mutum biyu ka naɗa mata masu goyo. Aka ce ai ɗaya ya isa. Ka ce in ɗayan yana gona fa? Ina ka samo irin wannan tunani, Lado? Tare muka yi kiwo, tare muka gudu daga makarantar allo muka tafi kamun gafiya. Ban ga ranar da ka fi ni wayo ba.

Bara waccan, cikin watan Agusta, ranar da kake ta jira ta zo. Ruwa ya tsuge tun fitowarmu daga sallar asuba, kafin hantsi kwari ya cika ya fara dawowa da baya. Akwai wata igiya da ka ɗaura tun farkon watan, daga darbejiyar masallaci har kukar da ke kan hanyar makaranta. Yara sun mai da ita lilo, mata sun mai da ita wurin shanya. A ranar ita kowa ya kama ya hau tudu, domin ruwan lungu ya kai cinya kuma yana fizga. Mai goyon Ummi na farko kuwa yana kasuwar Karaye, na biyun ne ya ɗauko ta.

Barira ta yi magiya har ta gaji ta bi mata. Ni na hau turmi a zaure na zauna, na ce gidan ubana ba ruwan da zai fitar da ni. Ina nan sai ga ka a bakin ƙofa, riga ta manne maka a jiki, da guntuwar igiya a hannu wadda ka ƙulla da babbar. Ka ce, "Malam Yusha'u, kama igiya. Ba sai ka gaishe ni ba." Na ce, "Ai ruwanka ne, wanda ka kewayo mini da shi." Ka ce, "Nawa ne. Kama dai, in mun hau tudu ka kai ni ƙara." Na kama. Ka sa ni gaba kana baya, sau biyu ƙafata ta goce ka tare ni da kafaɗa. Muka hau tudu ban gaishe ka ba. A cikin shekara goma sha tara, iyakar maganar da ta haɗa mu ke nan.

Gida bakwai suka zube a ranar, ko rai ɗaya ba mu rasa ba. Kafin la'asar hayaƙi na tashi a harabar makaranta, mata na dama kunu da itacen da ake yi wa dariya. Da ruwa ya janye na koma na duba gidana. Rumbuna ya zauna a ruwa, 'yar dawar da ta rage ta tsiro a ciki. Katangar lungu kuwa, duk inda na bar duwatsunka tana tsaye. Kusurwa ɗaya ce na kwashe a shekarar, ita ce ta zube ta haɗa da madafin Barira. Na tsaya ina kallon wannan abu, na ga abin da kowa zai gani, amma na ce sammun ne ya ci ta nan.

Ina cikin lissafin yadda za mu kai kaka, sai Barira ta ce in kwantar da hankalina, masarar da ke ɗaki da irin gyaɗa suna gidan ƙaninka a kan tudu. Ashe tun mako uku kafin ruwan take miƙa wa Maijidda ƙwarya-ƙwarya ta saman katanga. Na ce, "Wato a gidana ake haɗa baki da su?" Ta ce, "Malam, ku kuka yi faɗa. Ni da Maijidda ko gishiri ba mu taɓa hana juna ba." Tuwon masarar nan na ci shi har sabon gero ya shigo, kowace loma da ƙyar take wucewa. Sau biyu na zo bakin zaurenka da niyyar godiya. Sai in tuna yadda ka miƙe gaban dagaci, in wuce kamar masallaci za ni.

Ranar da aka ajiye makararka, liman ya juyo ya ce duk wanda ke da wani abu a kan mamaci ya yafe masa. Jama'a suka ce sun yafe, na ce na yafe. Na ga wasu na satar kallona. A raina kuwa cewa nake, ana roƙa wa mamaci gafarar masu rai, to ni mai rai wa zai roƙa mini tasa?

Bayan addu'ar bakwai Bahijja, 'yarka da ke aure a Rogo, ta zo ta durƙusa a ƙofar zaurena. Ta ce, "Baba, ina wuni? Ya ƙarin haƙurinmu?" Na amsa. Sai na ji tambayar nan ta taso mini, na kasa danne ta. Na ce, "Bahijja, don Allah ki gaya mini gaskiya, yanzu ba abin da zan yi. Ƙaiƙayin nan da babanki ke watsawa a ruwa, na mene ne?"

Ta dube ni, idonta jawur don kuka, sai dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da mayafi. Ta ce, "Baba, ai awo ne. Ƙaiƙayi ba ya nutsewa. Duk inda ruwa ya kai a jikin bango nan yake mannewa, sai a san tsayinsa. Inda ya taru kuma, nan ruwa ke juyawa yana cin gindin gini, nan ake sa dutse. Tun da ya kewayo da ruwansa ta bayan katangarku ya ce in ta faɗi alhakin a wuyansa yake. Ruwa na ɗaukewa za ka ji yana cewa, Maijidda, miƙo takalmina maza, kafin Yusha'u ya share mini allo."

Na ce, "Me ya hana shi ya aiko a gaya mini?" Ta ce, "Ya aiko Yaya Lukman sau ɗaya. Kun fito masa da sanda." Na tuna, an yi haka.

Shekara goma sha takwas ke nan muna tsere ni da kai ban sani ba, kai da takalmi a hannu, ni da tsintsiya. Sau nawa na riga ka? A shekarun da na riga ka, da me ka yi awo? Kuma wa ya koya maka? Bahijja ta ce a masussuka ka gano, wata rana da ruwa ya same ka ka ga yadda ƙaiƙayi ya zana hanyarsa a ƙasa. Lukman ya ce a'a, lokacin da ka yi lebura a aikin dam ne ka ga masu awo na jefa abu a ruwa suna bin sa da ido. Liman ya ce mahaifinka ma yana yi, amma ni na san mahaifinka, ban taɓa ganinsa da masaki a ruwa ba. Mai amsar yana maƙwabtaka da ni, katanga ce kawai tsakaninmu, na bari ya tafi da ita.

Kafin Bahijja ta tashi ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce Innarta na takaba, wata huɗu da kwana goma, sai damina ta kusa ƙarewa za ta fita. Liman ya ce larura ta halatta mata ta koma Rogo ta ƙarasa a can, ta ce ba za ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta ba. Lambatun lungu kuwa yashi ke cike shi, duk bayan ruwa sai an yashe, kai ne mai yi, Lukman yana tuƙi a Kano. Ga shi kuma tun da aka cike kududdufin sama aka yi gine-ginen kwano, ruwan da ke gangarowa ya ninka, kai da kanka ka ce hanya ɗaya ba ta isarsa. Duk ranar da lambatu ya toshe, tsakar gidanku ne zai zama tafki, ɗakin Maijidda kuma shi ne a kwari. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ambaci rariya ba. Ta yi mini sallama ta tafi.

Kwana goma sha ɗaya ina juya maganar. Na san in na buɗe, ƙofar ɗakina caɓi za ta zama duk damina. Na san za a ce Yusha'u ya sauko, sai da aka mutu ya ga hanya. Ana cikin haka mai unguwa ya ɓata lamarin, ya zo da rakiyar mutum biyu ya ce, "Malam Yusha'u, mutumin nan ya riga mu gidan gaskiya, me kuma ya rage?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗorawar ba ta mutu ba." Da bai zo ba da wataƙila na buɗe tun a makon. Ni in aka tura ni gaba, baya nake yi, haka Allah Ya yi ni.

Asabar ɗin farkon watan Yuni, bayan azahar, ruwan farko mai ƙarfi ya sauka. Yana ɗaukewa na ga kaina a lungu da tsintsiya a hannu, ƙafa ce ta kai ni. Gindin katanga fes, babu abin sharewa. Lambatu ya cika da yashi har rabi. Ina tsaye sai na ji wata ƙara daga cikin gidanka, kwano na karce ƙasa, a watsar, a sake karcewa. Na koma gida na tarar da Barira tsaye a jikin katanga tana saurare. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Malam, mai takaba ce ke kwarfar ruwa."

Washegari da safe na ɗauko diga. Ashe simintin da aka kwaɓa da fushi ya fi na kowane magini ƙarfi. Ina sara wuta na tashi, dutse ko gezau. Samari suka taru suka ce in ba su, na ce wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Wuni guda na yi na cire duwatsu uku, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, Barira ta naɗe mini da tsumma tana mita. Litinin da la'asar diga ta zarce, haske ya shigo ta ƙasa, na hangi danshin tsakar gidanka da gindin turmin Maijidda.

Na zauna a ƙasa ina haki. Sai murya ta fito daga can, ƙasa-ƙasa irin ta mai takaba. Ba da ni ta yi magana ba, ko da yake ta san ina nan. Ta ce, "Barira, ki yi wa Malam sannu da aiki. Ki kuma gaya masa marigayi ya bar saƙo. Ya ce in Malam ya zo buɗewa, ya ƙara faɗin da taƙi guda, ruwan yanzu ya fi na zamanin iyayensu." Barira ta ce, "Yaya, a jinyar nan ya faɗa?" Ta ce, "Ina! Ya fi shekara takwas. Duk bazara sai ya tuna mini kada in manta."

Lado, wannan ita ce tambayar da ta fi hana ni sukuni. Ni kaina ban san zan buɗe ba, ko a safiyar Asabar da an tambaye ni da na rantse. Kai ta yaya ka sani? Me ka gani a jikina da ni ban gani ba? Na ce a fili, ko ka mutu sai ka ba ni umarni. Na ji Maijidda ta yi wani sauti, ban san dariya ba ne ko kuka. Na sake ɗaukar diga na ƙara taƙi guda da yatsa uku, don kada a ce naka na bi.

Ranar Alhamis aka sake ruwa, ya fi na farko. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon ruwan gidanka ya shigo, ya ɗan tsaya kamar baƙon da ya daɗe bai zo ba, sannan ya miƙe ta tsohuwar hanyarsa ya fita ta baya. Ƙofar ɗakina ta zama caɓi kamar yadda na faɗa. Barira ta ɗaga murya ta tambaya, Maijidda ta ce dokin ƙofarta a bushe yake. Damina dai yanzu ta fara, Agusta na gaba, kuma ba ni da iliminka. Abin da nake da shi shebur ne. Na yashe lambatun a ranar, kuma muddin ina iya sunkuyawa zan yashe shi bayan kowane ruwa. Rumbuna ma na sa an ɗaga, ya kai gwiwa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Lado. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya tsare gidajen maƙwabtansa, har da na wanda ya juya masa baya, Ka tsare shi daga azabar kabari da firgicin ranar tsayuwa. Kowane dutse da ya ajiye a gindin bangon wani, Ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka shayar da shi daga tafkin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Mu da muka rage, Ka ba mu damina mai albarka, ruwa ya shiga gona ya bar ɗaki, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maijidda, Allah Ya ba ta haƙuri Ya fitar da ita takaba lafiya. Ina miƙa ta ga Lukman da Bahijja da jikoki, da ƙanin marigayi da iyalinsa, da duk mutanen unguwarmu da na Yammedi baki ɗaya. Lukman, sandar nan da na fito maka da ita, ka yi haƙuri. Kai da 'yar'uwarka, tunda mahaifinku ba ya nan balle in durƙusa masa, ku nake roƙo ku yafe mini a madadinsa. In kun zo gida ku shigo ta zaurena, a gaisa.

Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mana. Amin.

Maƙwabcinsa na ƙasa,
Yusha'u